Buhun Gwaggo Hajara a Wutsiyar Jirgi

Abba, yanzu ko baƙin sunanka ba ka gama ganewa ba, amma zan rubuta maka wannan in ajiye, don ranar da za ka buƙace shi tana nan tafe. Shekaranjiya a teburin mai shayi na bakin tasha wani ya sake kirana da sunan nan, Sabi'u mai kashe jirgi. Aka yi dariya, ni ma na yi. Ni kam ya daina yi min ciwo. Amma kai wata rana za a jefe ka da shi a makaranta, ka dawo gida ka tambayi uwarka, ita kuma don ta rufa min asiri ta ce maka duk sharri ne. To ba duka ne sharri ba. Gara ka ji daga bakina, da inda na yi laifi, da inda aka ɗora min abin da ban yi ba.

Da farko ka sani, ni ban zauna a makaranta ba. Ina aji biyu na sakandare na ajiye jaka. Na yi acaba, na yi ɗinki wata biyar na gudu na bar wa maigidana rigar mutane babu hannu ɗaya, na yi gyaran waya, na je Legas na sayar da tabarau a bakin titi na dawo da tari. Kakanka Malam Hamisu, wanda ka ci sunansa, dillalin shanu ne, tun kafin a haife ni yake tsaye a kara ɗaya. Shi bai taɓa gane yadda mutum zai kwana da sana'a ya tashi da wata ba. Don haka ranar da na shigo gida na ce abokina Nura ɗan Mashi ya samo min aikin lodin kaya a filin jirgin Katsina, Baba yana alwala, ko ɗago kai bai yi ba.

"Wannan kuma wata nawa za mu ba shi?"

Umma ta ce, "Malam, ka sa masa albarka mana."

"Albarkar nake sawa. Na ba shi wata uku. In Allah ya yi da rabo ya kai huɗu."

Shekara biyu da rabi na yi a wurin, Abba. Ni kaina ban san dalili ba da farko. Kamfanin ƙarami ne, ba zan kira sunansa ba, jirginsu ɗaya ke zuwa Katsina daga Abuja ya juya, kullum ban da Asabar. Aikina in ɗauki akwatunan fasinjoji daga kan sikeli in jera a amalanke, in tura zuwa gindin jirgi, in shirya su a ciki. Wurin kayan biyu ne, ɗaya a gaba ɗaya can wajen wutsiya, mu muna ce musu rumbun gaba da rumbun baya. Na ɗauka aikin ƙarfi ne kawai, irin na 'yan dako. Wanda ya cire min wannan tunanin shi ne Oga Iliya, mutumin da ke rubuta takardar nauyi, wadda matuƙi ba ya tashi sai ya sa mata hannu. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, kullum da biro uku a aljihu. A satina na farko ya ga na cusa akwatuna masu nauyi duk a baya don ya fi min kusa, sai ya kira ni gefe. Ya zaro biro ɗaya ya kwantar a kan yatsansa ya tsaya cak. Ya ɗauki murfin ya maƙala a ƙarshe ɗaya, biron ya sulale ya faɗi ƙasa.

"Ka ga wannan? Shi ne jirgi. Murfin nan kuma akwatin da ba ka faɗa min ba."

Na ce, "Oga, ai jirgi ƙato ne."

"A ƙasa ƙato ne. A sama biro ne. Duk abin da zai shiga, ka auna ka faɗa min, ko da allura ce."

Tun daga ranar aikin ya kama ni. Ni da ba na iya zaman aji, sai ga ni ina haddace nauyin akwati ashirin a kai, ina sanin wanne zai je gaba wanne baya tun kafin Oga ya buɗe baki. Idan jirgin ya ɗaga ya miƙe sumul, sai in ji a raina cewa da hannuna a ciki.

Yanzu sai maganar saƙo. Kai ɗan Daura ne, za ka girma ka gani, a garin nan ba a yin tafiya hannu biyu. Ko Kano ka ce za ka, kafin ka sa takalmi an kawo maka ƙullin daddawa ka kai wa wance. To ina ga wanda aka ji yana aikin jirgi. Duk mai ɗa ko 'ya a Abuja ya san ƙofar gidanmu. Kilishi, yaji, man shanu, kuka, zannuwan da aka ɗinka, har maganin basir a gora. Lokacin an mayar da Nura Abuja, shi ke sauke kaya a can, don haka ni in sa, shi ya cire ya kira mai shi a waya. Kuma ba a ɓoye ake yi ba. Kamfani ya yarje wa ma'aikata ɗan abin da ba shi da yawa, masu bincike su duba, in ɗora a sikeli, Oga Iliya ya rubuta. Wani lokacin ya shinshina kwalin ya ce a gaya wa mutanen Daura kilishinsu yana hana shi lissafi. A wannan shekarun ne aka fara gaishe ni a unguwa kamar mutum. Tsofaffin da a da in na wuce suke cewa ga ɗan Hamisu mara zama, suka koma cewa Allah ya yi maka albarka. Har Baba ya daina ƙirga min watanni. A lokacin ne kuma aka ba ni uwarka.

Sai shekarar da mutane suka fara tafiya. Matuƙa ne suka fara. Yau ka ji wane ya samu aiki a ƙasar Larabawa, gobe wane ya koma babban kamfani a Legas. Injiniyoyi suka bi bayansu. Kuma matuƙin jirgi ba ɗan acaba ba ne da za ka koya masa a sati ka miƙa masa makulli, shekaru ake yi kafin a samu guda. Nura ya riƙa gaya min a waya cewa ga jiragen kamfani nan biyu a ajiye a Abuja lafiyarsu ƙalau, an rufe musu inji da tamfol, babu mai tuƙawa. 'Yan matuƙan da suka rage sai aka tattara su a hanyar Legas, inda fasinja ya fi yawa. Mu na gefe aka fara rage mu. Daga kullum muka koma sau uku a sati, muka koma biyu, daga ƙarshe ranar Alhamis kawai. Babban jirgin ma aka ɗauke, aka riƙa turo mana ƙarami mai farfela, wanda ko rabin mutanen wancan ba ya ɗauka. Mutane su zo da tikiti a ce babu wuri. Masu zuwa asibiti a Abuja, 'yan kasuwa, ma'aikata, da yawa suka haƙura suka koma bin mota. Mu ma'aikata mu goma sha ɗaya ne da na zo, muka dawo mu huɗu. Na saki ɗakin da nake kwana a Katsina na dawo gida, ranar Alhamis in bi motar safe in tafi.

Oga Iliya shi ne na ƙarshe da ya tafi, wani kamfani ya ɗauke shi. Ranar da zai bar mu ya ba ni wani ɗan sikelin hannu, mai ƙugiya, irin wanda ake rataya jaka a ɗaga. Ya ce in riƙe, idan na babban ya lalace kada in ce ban samu abin awo ba. Ba a kawo kowa a madadinsa ba. Manajarmu Madam Ladi ita ta koma mai tikiti, ita ce mai kiran fasinja, ita ce kuma mai karanta nauyin kaya a waya ga wani mutum guda a Abuja, shi ya haɗa takardar ya turo. Mutumin nan shi kaɗai yake yi wa jiragen kamfanin duka. A satin da aka kawo ƙaramin jirgi Madam ta tara mu.

"Daga yau babu saƙon kowa. Ko na uwata ne. Sabi'u, da kai nake, kai ne mai jama'a."

Na ce na ji. Kuma na yi ƙoƙari, wallahi. Na mayar da mutane da yawa, wasu suka fahimta, wasu suka ce aikin jirgi ya sa na fara girman kai.

Ana cikin haka Rabi ta haihu a Abuja. Rabi 'yar Gwaggo Hajara ce, Gwaggo kuwa yayar Baba ce, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka a gidanmu maganarta ba ta faɗuwa ƙasa. Haihuwar fari ce, kamata ya yi Rabi ta zo gida wanka, amma aiki aka yi mata, likita ya hana ta tafiya. Gwaggo kuma ciwon gwiwa ba ya barinta doguwar hanya. Ranar Lahadi aka haihu. Ranar Laraba bayan la'asar sai ga Gwaggo a tsakar gidanmu, mai kura na biye da ita. Aka sauke rabin buhun gero na kunun kanwa, da kanwar kanta ƙulli guda kamar kan mutum, da galan na man shanu, da daddawa, da yajin jego da ta kwana uku tana sa a daka. Duk ta sa an haɗa a babban buhu ɗaya an ɗinke baki.

"Ga kayan 'yar'uwarka. Gobe nake so ta sha kunu da geron gidanmu."

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, an hana. Jirgin da ke zuwa yanzu ƙarami ne, ba ya ɗaukar nauyi."

"Jirgi ne ba ya ɗaukar gero? Wanda ke kwasar alhazai da akwatunansu?"

"Ba irinsa ba ne, Gwaggo. Bari in kai tasha a ba direba."

"Direba ya kwana biyu da shi a rana man ya narke a kan yajin? Kilishin liman ka kai, maganin basir ɗin mai unguwa ka kai, sai kayan jegon Rabi ne jirgi zai ji nauyi? Hamisu, kana jin ɗanka?"

Baba yana zaune a kan tabarma yana jan carbi. Bai ce in kai ba, bai ce kada in kai ba. Ya dube ni kawai ya mayar da kai. Umma daga bakin murhu ta ce a hankali, "Ka duba dai in da hali." Ni kuwa abin da ke raina, in faɗa maka gaskiya, ba tausayin Rabi ba ne kaɗai. Ina tsoron in koma ɗan Hamisu mara amfani. Na ce to, Gwaggo, za a kai.

Alhamis ɗin nan tsakiyar bazara ce, irin ranar da kwalta ke laushi a ƙarƙashin takalmi. Buhun ya bi ta wurin masu bincike kamar kowane kaya, ba abin da ke ciki sai abinci. Sikeli kawai na kewaye. Na faki idon Madam tana fama da masu tikiti, na kwantar da shi a ƙasan amalanke na jera akwatuna a kai. Sikelin Oga Iliya yana aljihuna, ban fito da shi ba, don na san in na ga lambar ba zan iya ba. Amma hannuna ya riga ya faɗa min, buhun nan ya kai nauyin babban mutum. Jirgi ya sauka wajen ƙarfe ɗaya, a makare. Na tura buhun can ƙuryar rumbun baya, inda ba mai leƙawa, na toshe da akwatuna.

Abin da ban sani ba shi ne, an riga an yi waya daga Abuja. Idan rana ta yi zafi sosai jirgi ba ya iya ɗaga nauyin da yake ɗagawa da sanyi, wannan Oga Iliya ya taɓa gaya min. To ranar sai da aka ce a rage fasinja biyu. Ina dawowa ɗaukar amalanke na biyu na tarar da Madam tana ba wata mata haƙuri. Matar ba ta yi faɗa ba. 'Yar siririya ce, da jakar hannu da wata babbar ambulan irin ta hoton asibiti. Tana cewa gobe da safe likita ya ba ta, wata biyu tana jiran ranar. Madam tana cewa ba yadda za ta yi, nauyi ya cika, wanda ya zo ƙarshe shi ake bari. Na tsaya ina kallon matar nan. A ido na auna ta, aikina ke nan. Ba ta kai buhun Gwaggo ba.

Na koma gindin jirgi. Matuƙin ranar dattijo ne, mutumin kudu amma a Zariya ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan. Kyaftin kawai muke ce masa. Al'adarsa ce kafin ya hau sai ya zagaya jirgin, ya zo ya bubbuga ƙofar rumbu da tafin hannu ya yi min tambaya ɗaya. Ranar ma haka ya yi, idonsa jawur don gajiya, takardar nauyi a hannunsa.

"Ɗan Daura, abin da ke takarda shi ne a ciki?"

Sau nawa na amsa masa wannan tambayar ban ko juyo ba. Fasinjoji sun riga sun hau. Da na ce e, da ya rufe ƙofa ya tafi, kuma mai yiwuwa da ba abin da zai faru, har yau ban sani ba. Amma sai na ga biron nan yana sulalewa daga yatsan Oga Iliya.

Na ce, "A'a, Kyaftin. Akwai buhu a baya, ban auna ba. Ni na sa."

Ya dube ni. Bai zage ni ba. Ya ce, "Buhun me?"

"Gero ne, da kanwa. Kayan jego."

"Allah ya raya. Shi kaɗai ne?"

"Shi kaɗai ne, wallahi."

"Na yarda da kai. Amma takarda ba ta san wallahi ba. A sauke na baya duka a sake aunawa."

Ka ga inda rashin mutane ya zo ya same mu. Da lokacin Oga Iliya ne, da mu shida za mu zubar da rumbun nan mu mayar, shi kuma ya gyara takarda a tsaye, minti ashirin an gama. Ranar mu biyu ne masu lodi. Muka sauke, muka tura ciki, muka auna ɗaya bayan ɗaya, muka dawo da su. Madam ta kira mutumin Abuja, yana kan takardar wani jirgin, bayan shi akwai wani. Aka sauko da fasinjoji saboda zafi. Sai da aka haura awa biyu kafin sabuwar takarda ta iso. Kyaftin ya duba agogo, ya kira mataimakinsa suka yi magana, sannan ya zo ya ce wa Madam ba za su tashi ba. Tun asuba suke sama, wannan ne zangonsu na biyar, kuma akwai iyakar awannin da doka ta yarda matuƙi ya yi a rana. In suka tashi yanzu, kafin su sauka sun haura. A da in haka ta faru akwai wasu matuƙan a ajiye da za a turo. Yanzu babu ko ɗaya. Jirgi ya kwana a Katsina.

Ba zan ɓoye maka ba, mutane sun sha wahala ta dalilina. Akwai wanda ya rasa taro, akwai mai jirgin ƙasar waje da ya wuce shi. Washegari ma sai da aka soke wani jirgin a wani gari, don wannan ne zai je can. A cikin fasinjojin akwai wani alhaji ɗan unguwarmu, shi ya ji Madam tana yi min faɗa, shi ya riga ni isa Daura da labarin. Madam ta karɓi rigata mai ƙyalli da katin shiga. Tana karɓa tana cewa, "Sabi'u, da bakina na gaya maka." Gaskiyarta ce. Abu ɗaya da na ji daga baya ya ɗan sanyaya min rai, da sanyin safiya jirgin ya ɗauki kowa har da matar nan mai ambulan. Ko ta samu likitan ko ba ta samu ba, ban sani ba.

Ina jan buhun zuwa bakin titi sai ga Kyaftin za a kai shi masauki. Ya sa aka tsayar da motar ya sauke gilashi.

"Ɗan Daura, sun kore ka?"

"Sun kore ni."

"Daidai ne. Ni ma da ni ne manaja da na kore ka." Ya ɗan yi murmushi. "Amma in an ce in zaɓi mai yi min lodi gobe, kai zan ce."

Da la'asar sakaliya na shiga gida da buhun a ka. Gwaggo tana nan, labari ya riga ya same ta. Uwarka tana ɗaki, lokacin cikinka wata shida, ina jin kukanta ƙasa-ƙasa. Gwaggo ta tashi da sandarta.

"Kai yanzu saboda Allah wa ya aike ka ka faɗa? An sa kaya an rufe, sai ka buɗe baki? Ka kunyata ni, ka kunyata kanka, ka bar aiki, don rabin buhun gero!"

Na sauke buhun a gabanta. Baba ne ya yi magana, kuma ban taɓa jin ya katse yayarsa ba sai ranar.

"Yaya, bari in tambaye shi. Kama ka aka yi, ko kai ka faɗa?"

"Ni na faɗa, Baba."

"A ina ka sa buhun?"

"A baya. Can wajen wutsiya."

Ya gyaɗa kai. Ya ce shekarun baya sun taɓa loda shanu a babbar mota za a kai kudu, wani ya matsa aka ƙara bijimi biyu a baya bayan direba ya ce ya isa. A hawan farko kan motar ya ɗaga, sai da aka yanka shanu bakwai a bakin hanya. Ya ce ita wannan a ƙasa take, akwai inda za ta faɗa. Gwaggo ta ce ita ba ta ga abin da ya haɗa shanu da jirgi ba. Baba bai ja da ita ba. Ya juyo wurina.

"Laifin da ka yi a can ka biya. Saura na nan. Ka ce wa yayata za ka kai, ko ba ka ce ba?"

"Na ce."

"To suna gata ne, ranar Lahadi. Laifina ni ma yana ciki, da na buɗe baki jiya da ba a kai nan ba."

Washegari Juma'a na ɗauki buhun na kai tasha. Na nannaɗe galan ɗin man da jiƙaƙƙen buhu don kada ya narke, na zauna a kujerar baya ina taɓa shi kamar mai jinya. Wuni guda muna tafiya, abin da jirgi ke yi a awa ɗaya. Rabi ta sha kununta ranar Asabar. Da ta ji labarin ta yi dariya har sai da ta riƙe wurin ɗinkin, sannan ta yi kuka.

Sati biyar bayan haka kamfanin ya daina zuwa Katsina gaba ɗaya. Mutanen gari suka haɗa biyun, korata da tsayawar jirgin, suka ce ni na kashe shi. Nura ya gaya min tun kafin ranar buhun an riga an yanke shawarar, domin Kyaftin ɗin nan ya kai shekarun ajiye aiki kuma ba wanda zai gaje shi a hanyar. Madam Ladi da sauran biyun su ma aka sallame su, su da ba su sa buhun kowa ba. Na faɗa wa mutane haka sau ɗaya, sau biyu, na ga sun fi son nasu labarin, na bar musu.

A waccan tafiyar ta Abuja ne direban motar ya ga yadda na sake masa lodin but a Zariya motar ta daina rangaji, ya ce in zo tasha in riƙa yi musu. Shekara huɗu ke nan ina nan, yanzu ni ke kula da lodin motocin Abuja duka. Masu bin jirgi a da, da yawansu ni ke shirya musu akwati. Wani lokacin in jirgi ya wuce ta sama ina ɗaga kai, ba zan ce ba na jin komai ba. Wancan aikin shi ne na farko da na so, kuma ni na saki da hannuna.

Don haka in an ce maka ubanka ya kashe jirgi, kada ka yi dambe. Ka ce shi ya sa buhun, shi ya kuma faɗa, jirgin kuwa matuƙa ya rasa. In suka ƙi ji ka bar su.

Sikelin Oga Iliya yana rataye a ƙusa a rumfarmu ta tasha, ka sha wasa da ƙugiyarsa. Watan jiya Rabi ta sake haihuwa, Gwaggo ta zo da kanta a bayan mai kura, da sandarta da buhunta. Har yau ba ta yarda gero na iya kayar da jirgi ba, ta ce jirgin ne dai ragon jirgi. Na miƙa hannu zan ɗauki buhun in sa a mota, sai ta buge min hannu da sanda.

"Auna tukuna, ɗan nema. Kada a ce ni na kashe motar Abuja."